Ruwan baƙo a Cilaos

A gidanmu a Maraɗi, baƙo bai gama cire takalmi ba an miƙo masa ruwa a moɗa, sai ya sha sannan a gaisa a tsanake. Da wannan tarbiyya na tafi karatun aikin jinya a Réunion, tsibirin nan na Faransa da ke Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Ita ce kuma ta kusa sa ni in cuci wani bawan Allah a shekarata ta biyu.

Duk watan Oktoba tsibirin ba shi da zance sai na Grand Raid, tseren da ake yi tun 1989. Mafi tsawonsa ana ce masa Diagonale des Fous, wato ratsen mahaukata, kuma wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Ana tashi daga Saint-Pierre a kudu ranar Alhamis da dare, a keta tsibirin a ƙafa har filin wasa na La Redoute a Saint-Denis. Tafiyar ta kai wajen kilomita 170, hawan kuma idan aka tara shi ya kusa mita 10,000. Irin su François D'Haene, wanda ya lashe sau huɗu, kwana guda suke yi a hanya. Gama-garin mutane kuwa wasu sai ranar Lahadi.

Makarantarmu ta nemi 'yan sa-kai, na ba da sunana, aka tura ni Cilaos. Aman wuta ne ya haifi tsibirin gaba ɗaya. Piton de la Fournaise har gobe yana amai, shi kuma babban wansa Piton des Neiges, mai tsayin mita 3,070, ya daɗe da yin shiru, ya bar wagagen kwari uku a gindinsa kamar tukwane: Cilaos, Salazie da Mafate. Muhimmancin Cilaos a tseren shi ne nan ne ake yanke shawara. Da mutum ya haura mashigin Taïbit ya faɗa Mafate, to ya shiga inda babu titin mota ko ɗaya. Ko dai ƙafarsa ta fitar da shi, ko jirgi mai saukar ungulu.

Na gaba-gaba sun wuce da sassafen Juma'a, ko zama ba su yi ba. Aikinmu bai fara ba sai da rana ta take, lokacin da talakawan tseren suka fara kwararowa, laka har gwiwa, fitilar goshi tana rataye a wuya, an sha sanyin tsauni da dare an kuma sha zafin kwari da rana. Yawanci bororo ne a tafin ƙafa, sai farcen da ya mutu, sai cinyar da ta saɓule. Wata dattijuwar nas 'yar tsibirin ce ke kula da mu, gajera mai faɗa, wadda ta shekara da shekaru tana wannan aikin. Madam kawai muke ce mata.

Wajen la'asar wani magidanci ya shigo rumfar yana tangaɗi. Zai yi shekara hamsin. Ya ce kansa na sarawa, zuciyarsa na tashi, jiri na ɗibarsa. Ni dai na ga mutumin da ya kwana ya wuni yana gudu a rana, me kuma zan tsaya tambaya? Na cika masa kofi ya shanye, na ƙara masa. Ina cikin zuba na uku, ina ta "sha, Malam, sha", sai na ji an riƙe mini hannu.

Madam ba ta ko dube ni ba. Hannun mutumin ta kama ta juya. Yatsunsa sun kumbura sun yi suntum, zoben aurensa ya nutse cikin nama, maɗaurin agogo ya yi shati a wuyan hannu. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari, me ya ci tun safe, gora nawa ya sha daga zangon baya. Ashe tun dare cikinsa ya ƙi abinci, sai ya koma ɗirkar ruwa zalla, don an ce masa kada ya yarda ƙishi ya kama shi. Da ta tambaye shi sunan garin da muke ciki, sai da ya yi jim kafin ya amsa.

"Ɗana, ajiye butar nan ka kira likita," ta ce. "Wannan ruwa ne ya yi masa yawa."

Abin kunyar shi ne na san wannan a takarda, har jarrabawa na ci a kansa. Gishirin jini, wato sodiyam, yana zama ne tsakanin 135 da 145. A doguwar wahala irin wannan jiki kan saki sinadarin da ke hana ƙoda zubar da ruwa, ga gishiri yana fita ta gumi. Idan mutum ya yi ta ɗura ruwa a kan haka, jinin sai ya tsinke, ruwan ya shige cikin ƙwayoyin jiki. A yatsa kumburi ne kawai, amma ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa, daga nan sai ruɗewa, sai jijjiga, wani lokaci sai rai. Mugun abin shi ne alamun farko kusan ɗaya suke da na mai ƙarancin ruwa. Duka biyun ciwon kai, duka biyun jiri. Maganin ɗaya kuma shi ne gubar ɗayan.

An hana shi ruwa, aka ba shi romo mai gishiri kaɗan-kaɗan, likita ya cire shi daga tseren. Ya yi gardama, har da hawaye, ya ce shekara guda yana shiri. Madam ta nuna masa bangon dutsen da ke bayanmu ta ce idan ya faɗi a can ba ta da motar da za ta aika. Daga baya muka ji gwajin asibiti ya nuna gishirin ya yi ƙasa da 135, amma ya warware. Na daɗe ina lissafin inda kofuna biyun nan nawa za su kai shi da ya haura Taïbit da su.

Sai kuma na yi irin ta wanda maciji ya sara. Kafin magariba wata mata ta zo da jiri, na tsaya ina mata wa'azin illar ruwa, alhali leɓɓanta sun bushe sun tsage, harshe kamar tsumma, gorunanta biyu babu ko ɗigo tun nesa. Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗazu kana shayar da kowa, yanzu kana hana kowa. Yaushe za ka fara duban mutum?" Ta sa na zauna na yi wa matar tambayoyin nan guda uku da bakina, na duba yatsunta, sannan na ba ta ruwa da miya da 'yar shinkafa. Bayan rabin awa ta ɗaure takalmi ta kama hanyar Mafate.

Sauran daren na yi shi ne a durƙushe gaban ƙafafun mutane, ina tsiyaye bororo da allura ina naɗe plasta. A nan na lura yadda Madam ke aiki. Kafin ta taɓa ƙafa sai ta ja mutum da hira, daga ina, karo na nawa, wa ke jiransa a Saint-Denis. Da ina ɗauka son surutu ne. Ashe a cikin hirar take auna ko hankalinsa na jikinsa, kuma a nan take kama masu haɗiyar ibuprofen kamar gyaɗa, maganin da kan ƙarasa ƙodar da tsoka mai narkewa ta riga ta wahalar. Babu wanda zai faɗa maka ya sha shida idan ka tambaye shi kai tsaye. A hira kuwa da kansa zai yi maka alfahari.

Ranar Lahadi na je La Redoute kallon na ƙarshe-ƙarshe suna shigowa, wasu da 'ya'yansu riƙe da hannu, ana ba su rigar nan mai rubutun "J'ai survécu", wato na tsira. Na yi ta baza ido ko zan ga matar mai busassun leɓɓa, ban gan ta ba cikin taron.

Da na je hutu gida, wani kawuna ya iso daga Tasawa da tsakar rana. Inna ta miƙa masa moɗa, ya kafa kai. Sai ji na yi tana cewa, "Kai kuma lafiya kake ƙare wa hannun kawunka kallo?"