Tallar da na yi wa mai maganin suga

Ƙannena masu shigowa harkar talla a Facebook da TikTok, ga wani kuskure da na tafka, kada ku maimaita shi.

A farkon fara sana'ata, wani mai haɗa maganin gargajiya ya kira ni shagonsa. Ya jera mini kwalabe, ya ce maganinsa yana raba mutum da ciwon suga cikin wata guda. Kuɗin da ya yanka mini ya fi abin da nake samu a wata uku. Na ga lambar NAFDAC a jikin kwalbar, hankalina ya kwanta. Na tsara kalamai masu daɗi, na haɗa bidiyo, na sa a shafina.

A lokacin ban fahimci cewa lambar da NAFDAC ke bai wa yawancin magungunan gargajiya shaida ce kawai ta cewa an gwada ba a ga cutarwa ba. Ba ta nufin hukumar ta tabbatar maganin yana warkar da abin da mai shi ke faɗa. Ciwon suga kuwa lallaɓa shi ake yi da magani da kiyaye abinci, kwalba ɗaya ba ta kore shi.

Gwaggona ta ga bidiyon. Ta aika aka sayo mata, ta ajiye ƙwayoyin asibiti, sai da aka kwantar da ita. Da na je dubiya ta ce mini, "Ɗan nan, ai don na ga kai ka sa ne na yarda." Ban iya ɗaga kai na dube ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban janye nan take ba. Na ƙara mako biyu ina jiran cikon kuɗina, tallar tana ta yawo a wayoyin mutane, ina ce wa kaina ai ba ni na haɗa maganin ba.

Masu ba ku aiki ba ɗaya suke ba. Akwai telan da ke saɓa alƙawari, akwai mai abincin da saƙonta ke isa a makare. Irin waɗannan ku zauna da su, ku gaya musu gaskiya cewa talla ƙara yawan masu ƙorafi za ta yi in ba a gyara ba. Wanda ya gyara, ku ci gaba da shi. Amma wanda cinikinsa ya dogara da ƙarya, kamar mai warkar da kowace cuta ko mai alƙawarin ninka kuɗi irin na MMM a 2016 da CBEX a 2025, ku bar masa aikinsa tun kafin kuɗinsa ya shiga asusunku, domin bayan ya shiga baki nauyi yake yi.

Ku kuma sani, dokar da ta kafa ARCON, hukumar kula da harkar talla ta Najeriya, a 2022 ta wajabta tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet. Wanda ya ce ku tsallake wannan, ku tambaye shi abin da yake gudu.

Gwaggo ta koma kan maganinta na asibiti. Har yau in ta ga tallar magani a waya, ni take fara turo wa ta ce in duba mata.