Kafin Ka Ba Da Tsohon Doki Riƙo

Da Baba ya rasu, aka bar mini kilinsa. Ba don na fi kowa iya hawa ba, sai don ni nake kai masa harawa tun ina firamare. Dokin ya haura shekara 22 a lokacin. Ya yi hawan sallah a tawagar hakiminmu fiye da yadda zan iya ƙirgawa, amma yanzu idonsa na hagu ya yi hazo, ƙafar baya tana riƙewa da sanyin safiya, kuma in yana cin ingirici sai ka ga yana zubo shi dunƙule-dunƙule. Sai aiki ya ɗauke ni zuwa Abuja, inda ko turken akuya ba ni da wurin kafawa.

Ƙannena masu sha'awar dawaki, a nan na fara ɓata. Na nemi mai kuɗi, ban nemi mai lokaci ba. Wani attajiri mai barga ya ce yana so, na ga sirdi da jalala na alfarma a rataye, zuciyata ta kwanta. Ban ko gaisa da yaron barga ba, alhali shi ne zai kwana ya tashi da dokin.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne ɓoyon da na yi. Na ji tsoron in na faɗi lalurarsa za a ce a'a, sai na ce, "Alhaji, ɗan tsufa ne kawai." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye, dokin ne ya biya. Ana zuba masa busasshiyar dawa kamar sauran ingarmu. Haƙoran doki suna ta fitowa suna cinyewa tsawon rayuwarsa; in ya tsufa, turamen suna yin kaifi a gefe har su yanka kunci, wasu su zube. Dawar da bai niƙa ba haka take fita a kashi, wadda ta tsaya kuma ta murɗa masa ciki. Doki ba ya amai, shi ya sa murɗar ciki take kashe shi. Sannan yara suka riƙa zuwa masa ta ɓangaren makahon ido, ya firgita ya yi harbi, aka ce mugu ne. Da sallah ta zo aka ɗaura masa sirdi, tunda ba wanda ya san zancen ƙafar.

Wata bakwai ban leƙa ba. Waya kawai nake bugawa, a ce mini "lafiya lau". Zuwa da kai ya fi aike. Wani abokina ne ya gan shi a hannun dillali a kasuwar dabbobi, haƙarƙari a waje, ana cinikinsa da masu lodin tsofaffin dawaki zuwa kudu don yanka. Na bi dare na zo, na saye abin da na bayar kyauta. Da na kira shi ya juyo da lafiyayyen idon, hawaye suka zubo mini a gaban mutane.

Karo na biyu, likitan dabbobi na fara kira. Ya goge kaifin haƙoran, ya ba da maganin tsutsar ciki, ya sa aka gyara kofato, ya ce a maimaita gyaran kofaton duk bayan mako 6 zuwa 8. In kuna kusa da Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan na tafi ƙauye wurin wan mahaifiyata, manomi ne mai inuwar darbejiya da rijiya a gida. Na zauna na zayyana komai.

"Kawu, ba a hawansa. Dusa da yankakkiyar harawa za a jiƙa, a ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini. A yi masa magana kafin a matso ta hagu."

Ya ce, "Ɗana, takinsa kawai ya ishe ni. Amma harawa tana tsada da bazara."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin da ya faɗa. Muka yi magana a gaban shaidu biyu: ni zan sayi harawar shekara tun da kaka lokacin tana araha, ni zan biya likita, kuma in ya gaji ba zai sayar ba, ni zai kira. Wannan sharaɗi na ƙarshe kada ku ji kunyar kafa shi, ko da wa kuke magana.

Ya yi shekara uku a gindin darbejiyar nan. Jikokin Kawu suka koyi cire masa kaska da yi masa sallama kafin su taɓa shi. Duk ƙarshen wata nakan je, in tarar an jiƙa dusar yamma a tsohuwar ƙwarya. Ranar da ya kwanta bai tashi ba, Kawu da kansa ya kira ni bayan asuba, muka haƙa masa rami a bakin gona.