Yadda na haɗa wutar sola a gidan gonarmu da faifai na hannu

Gidan gonar mahaifinmu yana bayan Bichi ne, nesa da inda turakun wutar lantarki suka tsaya. Ɗaki biyu ne da rumfa da akurkin kaji, kuma Baba ya fi son kwana can fiye da cikin gari. Janareta ya ishe mu da cin mai, shi ya sa na yanke shawarar saka sola. Da na lissafa kuɗin sababbin faifai sai na ga aljihuna ba zai ɗauka ba, na koma kan na hannu, irin waɗanda ake cirewa daga rufin gidaje da gonakin sola a Turai a shigo da su.

Faifan sola ba ya saurin mutuwa. Yawancin kamfanoni suna ba da tabbacin cewa bayan shekara 25 zai ci gaba da ba da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. To amma faifan da aka ɓamɓaro, aka jibga a kwantena, aka yi ta jifa da shi daga mota zuwa shago, takardar da ke manne a bayansa labarin ƙuruciyarsa kawai take bayarwa. Abin da yake iya yi yau, mita ce kaɗai za ta faɗa maka.

Na je Sabon Gari a Kano da mitata a aljihu, kuma na zaɓi tsakar rana da gangan. Mai shagon ya fito da faifai masu wat 250, masu gida 60 (ƙananan murabba'an da ke cikin gilashin, masu samar da wutar), ya ɗora mitarsa a kan ɗaya, ta nuna bolt 35.

"Ka gani ko, Malam? Lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bari mu duba amfiya ma."

A nan gizo yake saƙa. Bolt ba ya nuna gajiyar faifai sosai. Ko da hadari, ko faifan ya tsufa, zai iya nuna maka bolt mai kyau matuƙar ba a ɗora masa kaya ba. Amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ita ce take tona asiri. Sai ka juya mita zuwa amfiya 10 ta DC, ka lulluɓe faifan da kwali, ka haɗa wayoyinsa biyu da mitar, sannan ka yaye kwalin ka karanta. Ka sake rufewa kafin ka cire, don kada ya yi tartsatsi ya ƙona bakin wayar. Takardar ta ce amfiya 8.8. Wasu sun ba ni 8.2, wasu 7.5, akwai wanda ko 5 bai kai ba alhali gilashinsa tas yake. Tunda amfiya tana bin ƙarfin rana, dole a gwada su a lokaci guda, suna fuskantar waje guda, in ba haka ba kwatancen bai da amfani.

Bolt ɗin ma yana da nasa aikin. Wani faifan ya nuna 23 maimakon 35, wato ya rasa kashi ɗaya cikin uku. A ƙaramin akwatin da ke bayan faifai akwai diyod guda uku, wato ƴan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kowanne yana tsaron kashi ɗaya na gidajen. In ɗaya ya ƙone ya haɗe, kason nan ya fita daga aiki. Ana iya canja shi, amma ni ban ɗauka ba. Haka na ajiye duk wanda farar ledar bayansa ta tsage, ko aka ga tabon ƙuna, ko ruwa ya shiga ta gefe. Alhajin ya yi haƙuri da ni ƙwarai, Allah ya saka masa. Na fita da huɗu, kuma kafin a ɗora su a mota na rubuta wa kowanne amfiyarsa a jikin firam da maka.

Rubutun nan shi ya tsara mini haɗin gaba ɗaya. Hanya biyu ake haɗa faifai. A haɗin siris, fositif ɗin wannan yana shiga negatif ɗin wancan, bolt ya taru, amma amfiya ta tsaya a kan ta mafi rauni. Kamar shanun huɗa ne, in ka haɗa ƙaƙƙarfa da rarrauna a karkiya ɗaya, tafiyar rarraunan za a yi. A haɗin faralal kuwa fositif da fositif, negatif da negatif, amfiya ta taru, bolt ya zauna yadda yake. Don haka na haɗa masu 8.2 da 8.1 a layi ɗaya, masu 7.6 da 7.5 a ɗaya layin, sannan na haɗa layukan biyu faralal. Da na gauraya su, da layukan biyu duk sun sauko kan bakwai da rabi.

Wani abokina mai aikin wayarin ya ce in jera uku a layi in huta. Kwantirolata, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga faifai, iyakarta bolt 100 ce, kuma takardar faifan ta ce 37.5 in babu kaya. Uku sun zama 112.5, sun wuce iyaka. Ga shi kuma bolt yana ƙaruwa da sanyi, saboda haka safiyar hunturu ita ce ake yi wa lissafi, ba zafin Afrilu ba. Biyu-biyu suna ba da 75, ko sanyi ya ɗaga su akwai sauran fili.

Kan kwantirola ban yi rowa ba, kuma ina ganin a nan mutane da yawa suke cutar kansu. Mai arha, wato PWM, tana jawo bolt ɗin faifai ne ya sauko daidai da na batir. Faifai mai gida 60 yana aiki a kusan bolt 30, in rana ta gasa shi a kan kwano sai ya sauko wajen 26, alhali batir mai bolt 24 yana bukatar sama da 28 kafin ya cika. Sai batir ya yi ta zama da yunwa, a ɗora wa faifan laifi. Ɗaya irin kuwa, wato MPPT, tana karɓar bolt mai yawa ta mayar da shi amfiya. Na sayi mai amfiya 40.

Waya ma haka. Kasuwa cike take da wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Kankare ta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye. Na sa jan ƙarfe zalla mai kaurin murabba'in milimita 6 daga rufi zuwa kwantirola, mai 16 zuwa batir, mai 25 zuwa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir (DC) ta zama irin ta gida (AC). Kawunan haɗa waya, wato MC4, da suka zo da faifan sun bushe, wasu ma ba kamfani ɗaya ba ne, kuma irin wannan haɗin yana zafi har ya narke. Na yanke su duka na sa sababbi iri ɗaya. Tsakanin faifai da kwantirola na sa bireka ta DC, domin ta AC ba ta iya kashe tartsatsin wutar DC, kuma rufinmu akwai katako. Kusa da batir na sa fiyus. Firam ɗin faifan na ɗaure da waya zuwa sandar ƙarfe da muka kafa a ƙasa saboda tsawar damina.

Wajen kunnawa, batir ake fara haɗawa da kwantirola don ta gane ko 12 ne ko 24, sannan a buɗe faifai. In za a kwance, faifai ake fara kashewa. Na rubuta wannan a kwali na manna a bango saboda yaran gona.

Faifan suna kallon kudu, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 12 zuwa 15, daidai da inda Kano take a doron ƙasa, kuma na bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Da rana tsaka kwantirola tana nuna wajen wat 750 daga cikin 1000 da ke rubuce, kuma na gamsu da hakan. Batir biyu ne masu ruwa, bolt 12 da amfiya-awa 200 kowanne, a siris. Ba ma barin su sauka ƙasa da rabi, wato abin da muke ci da dare bai wuce wat-awa 2400 ba. Ya ishi ƙwayaye, fanka biyu, cajin waya da ƙaramin firij na rigakafin kaji. Dutsen guga da hita kuwa Baba da kansa ya hana.

Abin da ya fi cin ƙarfin wutar shi ne ƙurar hunturu. In hazo ya sauka, sai ka ga lambar ta faɗi warwas, a wanke da ruwa da tsumma mai laushi ta dawo. Da sassafe ake wankin, kafin gilashi ya yi zafi. Baba yana son a ƙara layi na uku don famfon rijiya. Na ce masa, "Baba, in za mu yi, sai kowane layi ya samu fiyus nasa, kuma kwantirolar ma sai an sa babba." Ya ce a bari sai an sayar da wake.