Ɗingishin tsohuwar Land Cruiser a hanyar Poli

Da hantsi motar ta shigo garejinmu, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke haura digiri 40, ƙarfe ma sai da tsumma ake ɗaukarsa. Land Cruiser ce samfurin 80, irin wadda Toyota ta fara fitarwa a 1990, mai injin fetur 1FZ-FE, lita 4.5, silinda shida a jere. Ta wani Alhaji ce mai fataucin shanu, da ita ake zaga masa kasuwannin ƙauye tun daga Pitowa har can wajen Poli. Tun tana bakin ƙofa na ji ta: inji na karkarwa, salansa na tofar da iska fut, fut, kamar mai tsallake numfashi. Mu a nan mukan ce mota tana ɗingishi, abokan sana'armu na Yola su ce tana misin.

Shekarata ta huɗu ke nan a hannun maigidana, ya kuma fara sakar mini aiki. Ran nan ya tafi ta'aziyya, ni ne babba a rumfa. Direban ya ce, "Ba ta da ƙarfi, tana fizga." Ban ƙara tambayarsa ko kalma ɗaya ba. Na ce buji ne, wato abin da ake kira fulogi a Najeriya, na aika aka sayo shida sababbi na ɗaura. Mota ta ɗan daidaita, ya tafi. Bayan kwana uku ya dawo, na canza wayoyin buji. Ya sake dawowa, na canza bobin, wato abin da ke ƙara ƙarfin wuta don buji ta yi tartsatsi. Kowane zuwa Alhaji yakan aiko da kuɗi ba tare da ya ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi faɗa yi mini nauyi.

A zuwa na huɗu maigida yana nan. Bai ko ɗaga murfin inji ba. Ya nuna wa direban benci, ya sa yaro ya karɓo shayi, sannan ya ce, "Malam, yaushe take yi?"

Direban ya ce kullum ne. Maigida ya ce, "A'a, zauna ka tuna. Da safe ko da rana? A tsaye ko a tafe? A kwalta ko a burji?"

Sai ga magana tana fitowa a hankali. Karkarwar kam ko a tsaye tana nan, iri ɗaya, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Amma fizgar da ke damunsa sai ya sauka daga babbar hanyar Ngaundare ya kama ta Poli, inda gargada take kamar kwanon rufi. Ta fi kuma yi da dare. Har ya ƙara da cewa, "In na kunna fitila ma allurar zafi takan hau, in na kashe ta sauko, amma wannan ai ba wani abu ba ne." Wata guda yana ganin haka, bai faɗa ba don ba wanda ya tambaye shi.

Maigida ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, cuta biyu ce a jikin motar nan, kai kuma kana ta ba ta maganin ta uku."

Da ta farko muka fara, karkarwar nan da ba ta canzawa. Ɗingishi mai tafiya daidai da bugun inji yawanci silinda ɗaya ce ta daina aiki, kuma gano ta ba ya buƙatar sayen komai. Inji na tafiya a hankali, sai ka riƙa zare wayar buji ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu. In ka zare ta lafiyayyar silinda, inji zai ƙara durƙushewa. Wadda ka zare amma sauti bai canza ba, ita ce matacciya. Maigida ba ya yarda a bar wayar tana lilo a iska. Sai a kusantar da bakinta ga ƙarfen inji don tartsatsin ya sami wurin zuwa, domin in bai samu ba yakan nemi hanya ta cikin bobin ya lalata ta. Ta ɗaya zuwa ta biyar duk sun amsa. Ta shida, wadda ke can ƙurya daf da bangon gaban direba, ko gezau.

Ya haska tocila cikin ramin bujin, ya ce in leƙa. Baƙin mai ne kwance, ya jiƙa robar wayar har ta kumbura. A wannan injin kowace buji tana zaune a ƙasan wani dogon bututu, a bakin bututun kuma akwai zoben roba a jikin murfin saman inji mai hana mai shiga. Zafi da shekaru sun busar da zoben ya zama kamar busasshiyar fata. Mai ya taru a ramin, wuta kuma ta riƙa silalewa ta gefe zuwa ƙarfe maimakon ta yi tsalle a bakin buji. Shi ya sa duk lokacin da na taɓa wurin mota kan ɗan samu sauƙi: ina zare buji mai ya zurare, sabuwar ta yi aiki kwana biyu kafin ramin ya sake cika. Abin da har yau nake tunawa shi ne na ga man nan tun ranar farko. Ya ɓata mini hannu, na goge a tsumma na ci gaba, saboda na riga na yanke hukunci kafin in duba.

Ya sa na ɗauko tsofaffin kayan daga kwandon shara muka auna. Toyota ta ce kada juriyar kowace wayar buji ta wuce kilo-om 25. Guda biyar duk suna ƙasa da haka. Tsohuwar bobin lafiyarta ƙalau. Muka mayar da ita, maigida ya ajiye sabuwar a kan kantar rumfa, ya cire kuɗinta daga aljihunsa ya ba direba ya kai wa Alhaji.

Cuta ta biyu ita ce ta sauya mini yadda nake kallon wutar mota gaba ɗaya. Dā ina zaton wuta tana fita daga batir ta je fitila ko bobin, shi ke nan. Alhali dole ne ta dawo gida, kuma rabin tafiyarta ta cikin ƙarfen motar take yi. Inji yana zaune ne a kan robobi, don haka akwai igiyar waya mai kauri da ke haɗa shi da jikin mota, wadda muke kira mas. In inji na aiki, altanato ne ke ba da wuta, kuma duk abin da fitilu da fanka suka sha sai ya biyo ta wannan igiya kafin ya koma masa. In igiyar ta yi rauni, ƙarfen jiki da ƙarfen inji sai su daina zama daidai. Allurar zafi tana jikin mota, abin da ke auna mata zafin yana jikin inji, sai ta faɗi abin da ba shi ba ne. Kayan da ke ba bobin umarnin tartsatsi su ma su rikice.

Maigida ya sa mita a kan awon bolt, ya ɗora tsinke ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin mota, ya ce in kunna manyan fitilu da fanka. Igiya mai lafiya bai kamata ta nuna fiye da kamar 0.2 ba. Wannan ta kusa kai 1. Ya sa yatsa ya girgiza igiyar, lambobin suka hau tsalle, inji ya fizga a gabanmu, daidai irin fizgar hanyar Poli. Daga waje igiyar ba ta da aibu, robarta lumui. Da ya tsaga robar da reza sai ga koren gari yana zuba, silin tagulla 'yan ƙalilan ne suka rage a haɗe. Shekara da shekaru motar na tsallaka mayo, wato kogi, da damina, laka da ruwa suna shiga ta bakin robar ba sa fita.

Na ce, "Baba, da na auna ta da awon om fa?" Ya ce da ta ce mini lafiya lau, domin ko sili ɗaya ya isa ya wuce da 'yar wutar mita. Sai an ɗora wa waya kaya ake sanin ƙarfinta, kamar jaki. Tun daga ranar ban ƙara auna mas ko kan batir ba sai da fitilu a kunne ko ana tayar da inji. Muka kankare mazaunin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, muka ɗaura sabuwar igiya, muka canza zobban roba duka shida. Da magariba muka fita da ita bayan gari kan burji, fitilu a kunne, allura ta tsaya a inda take.

Wani zai ce ai motar tana da kwamfuta, me ya hana a tambaye ta? Mun tambaya. A irin waɗannan Toyota akwai ɗan akwati a ɗakin inji. In ka haɗa ramuka biyu na cikinsa masu suna TE1 da E1 da guntuwar waya ka buɗe makulli, fitilar inji a gaban direba za ta yi ta ƙyaftawa tana ƙirga lambar matsala. 22 na nufin abin auna zafin ruwa, 14 na nufin saƙon tartsatsi. Tamu ƙyaftawar lafiya ta yi ta yi, ba lamba ko ɗaya. Kwamfutar wancan zamani ba ta san mai a ramin buji ba. Masu kabureta kuwa, irin injin 2F da 3F da har yanzu suke ɗibar kaya a ƙauyukanmu, babu ma abin tambaya sai kunne da ido da mita.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasarmu musamman. Mafi yawan motocin ƙauye zuwa-zuwa suke sha, fetur ɗin nan na jarka da kwalba da ke tsallakowa daga Najeriya. Ba na zagin masu sayarwa, da shi mutane da yawa ke ci da iyali, kuma a wasu wuraren ba gidan mai ko na magani. Amma jarkar da ta kwana a ruwan sama takan zo da ruwa da ƙasa. Motar da ta fara tari jim kaɗan bayan an sha mai, kafin in taɓa wuta sai na tatso fetur a farar kwalba na ajiye a inuwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, in yana ciki za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. Da hunturu kuma ƙura kan toshe matatar iska, buji duka shida su fito baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya.

Abu biyu ne nake faɗa a kansu da duk yaron da ya zo hannuna, kuma ba na sassautawa. Na farko, cire kan batir inji na tafiya wai don a gane ko altanato na caji. Batir shi ke shanye hauhawar wuta; in ka cire shi, hauhawar ta faɗa kan kwamfuta. Mita ta wadatar: cikakken batir a kashe yana wajen bolt 12.6, in inji na aiki ya hau wajen 14. Na biyu, ɗaure fis da silin waya ko takardar kwalin taba. Fis ba ya ƙonewa haka kawai, wata waya ce ta goge a jikin ƙarfe. Na taɓa ganin motar da aka yi wa haka, wayoyin ƙarƙashin sitiyari sun narke sun zama dunƙule ɗaya, mai ita da ƙyar ya fitar da 'ya'yansa daga hayaƙi.

Maigida ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Ni kuma na buɗe tawa rumfar, kuma motar Alhaji ta biyo ni. Damina biyu da suka wuce direban nan dai ya kawo ta, gemunsa ya yi fari. Bai jira na tambaya ba, ya zauna a benci ya ce, "Da asuba kawai take yi, in ta kwana. Minti ɗaya tana ɗingishi sai ta warware. Ruwan lagireto kuma ina ƙarawa duk bayan kwana biyu, ban ga inda yake zuba ba."

Na zare buji na jera su a kan katako bi da bi. Biyar sun fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske, yadda ake so. Ta shida fes take kamar an wanke ta da sabulu. Na bar motar ta kwana, da safe na haska cikin silindar na ga ɗigon ruwa a kan fistan. Gasket ɗin kan inji ne ya buɗe, ruwa na tsiyaya ciki da dare, tururinsa ke wanke bujin.

Na je gidan Alhaji da kaina bayan la'asar da buji biyu a aljihu, mai ƙasa-ƙasa da mai tsabta, na ajiye su a kan tabarma gabansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan karon aikin babba ne. Sai an sauke kan inji, an kai shi an duba ko ya lanƙwashe, kuma motar za ta yi mako a wurina." Ya ɗauki mai tsabtar ya jujjuya ta, ya tambaye ni dalilin da ya sa mai kyaun ce mara lafiya, na yi masa bayani. Ya kira direba ya ce a bar mini makulli. Washegari bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, muka tsiyaye ruwan lagireto muka fara kwance kusoshi.