Katin sauti biyu, kowanne da agogonsa

Har yanzu fayil ɗin waƙar da muka naɗa yana cikin kwamfutata. Ban goge shi ba, ban kuma taɓa iya saurarensa har ƙarshe ba. Minti ɗaya na farko tsaf yake, ganga da ƙarfinta, murya a kanta daram. Daga minti na uku sai ƙaramar gangar ta fara ramewa, kamar ana kaɗa ta a cikin bututu, can kuma ka ji "ƙas", a jima a sake "ƙas". Wannan ce ɗauka mafi kyau da muka taɓa yi ni da abokaina uku, kuma da hannuna na ɓata ta.

Abin ya samo asali ne daga ƙarancin kafa. Katin sautin da nake da shi, wato na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, kafa biyu ce da shi ta soka waya, ya ishe ni muddin murya da jita kawai nake naɗa. Ranar da muka yanke shawarar ɗaukar waƙa gaba ɗayanmu a lokaci guda, sai lissafi ya nuna kafa shida nake buƙata. Maimakon in nemi kati ɗaya mai kafa da yawa, sai na sayo wani mai kafa huɗu na hannu, na ce biyu a tara da huɗu ai shida ne. A Windows manhajar naɗi direban ASIO, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da katin sauti, guda ɗaya take kamawa a lokaci guda, don haka na sa ASIO4ALL, wanda ke iya tattara na'urori fiye da ɗaya ya miƙa su ga manhaja kamar abu guda. Na kunna, kafa shida suka bayyana. Na yi gwaji na daƙiƙa talatin, na saurara, babu aibu. Daƙiƙa talatin! In na tuna wannan gwajin sai in ji kamar in mari kaina.

Ga yadda na raba wayoyin, domin a nan ne ciwon ya fi tsanani. Makirfon babbar ganga ta ƙafa da na ƙaramar ganga suna kati na farko. Makirfo biyu na sama, waɗanda ke ɗaukar gangunan baki ɗaya, da bas da murya suna kati na biyu. Ke nan duk bugu ɗaya na ƙaramar ganga yana shiga katunan biyu lokaci guda.

Waƙar minti takwas ce, muka yi ta sau huɗu, ta huɗun ta zo yadda ba a tsammani. Kowa ya san ta zo, ba wanda ya yi magana sai da sautin ƙarshe ya mutu. Muka zauna saurare, wajen tsakiya mai gangar ya ɗago kai ya ce, "Malam, me ka yi wa gangata? Ni ba haka na kaɗa ba." Na ce masa matsalar miksin ce, ya bar min zuwa gobe. Gumi kuwa ya riga ya karyo min.

Daga nan na bar jaki na koma dukan taiki. Mako uku na yi ina canza manhaja. Da FL Studio nake aiki, wadda na saba da ita wajen haɗa kiɗa, sai na raya a raina cewa ita ce ba ta iya ɗaukar makirfo da yawa ba. Na gwada Cubase, ina cewa tunda kamfanin Steinberg ne ya ƙirƙiro ASIO, ai tasu manhajar ce za ta san kan abin. Na gwada Reaper. Na ɗaga bafa, wato ɗan ma'ajin da sauti ke jira a ciki kafin ya wuce, daga 128 zuwa 1024, har jinkirin ya kai wanda ba a iya waƙa da shi a kunne, "ƙas" ɗin ya ɗan ragu amma ramewar gangar tana nan. Na canza wayar USB, na kashe intanet, na sauke Windows na sake ɗorawa. Duk manhajojin nan ba su da laifin komai, abin da aka miƙa musu suka rubuta.

Wani dattijo da ya daɗe a aikin situdiyo ne ya warware min cikin tambaya ɗaya. Ina tsakiyar zuba masa labarin manhajoji ya katse ni: "Tsaya, yaro. A cikin katunan nan biyu, wanne ke riƙe da agogo?" Na ce, "Baba, wane agogo kuma?" Ya yi dariya har da tari.

Kowane katin sauti yana da ɗan agogonsa a ciki, wanda ke ƙirga sau nawa za a ɗebi sauti a daƙiƙa. In ka zaɓi 48 kHz, sau 48,000 ke nan. To amma 48,000 na wannan kati da 48,000 na wancan ba sa taɓa zama daidai cif, kamar agogon hannu biyu da aka saita tare da safe, bayan wata guda ka ga ɗaya ya wuce ɗaya. Ni na ɗauka tunda na sa lamba iri ɗaya a duka biyun, an gama. Ɗauki cewa bambancin ɗiba ɗaya ne kacal a kowace daƙiƙa. A minti takwas ya zama ɗiba 480, wato kashi goma cikin dubu na daƙiƙa. Kunne ba zai ji wannan a matsayin latti ba, shi ya sa bas da murya suka fita lafiya. Amma inda sauti ɗaya ya shiga makirfo biyu, ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya isa ya sa su riƙa cinye juna, rami na farko, wato inda sautin ke ɓacewa, ya faɗo a daidai 500 Hz. Tunda kuma tazarar tana ƙaruwa ne a hankali, ramin yana ta tafiya, shi ne wannan sautin bututu. "Ƙas" ɗin kuwa lokacin da bafar ɗaya katin ta cika ko ta ƙare ne, sai a yar da wani abu.

Ya ce in koma gida in yi tafi. Na ajiye makirfo biyu kai da kai, ɗaya a kowane kati, na danna naɗi, na tafa hannu sau ɗaya, na jira minti goma, na sake tafawa. Da na zuƙo hoton sautin, tafin farko layukan biyu suna tsaye a kan juna, na ƙarshe kuwa ɗaya ya ja gaba, da ido kake ganin tazarar. Gwajin minti goma, da na yi shi tun ranar farko da ban rasa komai ba. Abin da ya ƙara min takaici, da na buɗe takardar bayanin ASIO4ALL sai na tarar gargaɗin yana ciki: na'urorin da za a haɗa su kasance kan agogo ɗaya, in ba haka ba za su riƙa rabuwa da tafiyar lokaci. Ban karanta ba ne kawai.

Na yi ƙoƙarin ceto ɗaukar. Dare uku ina yanka layukan makirfon sama, ina ja, ina miƙarwa, ina daidaita bugu da bugu. Da ramewar kaɗai ce da wataƙila na ci nasara, amma duk inda "ƙas" ya faɗo an riga an rasa ɗan yankin sauti, kuma tazarar ta yi tsalle a wurin. Na gyara nan, can ya goce.

Hanyar da ta fisshe ni ita ce wadda na raina tun farko. Na koma kati ɗaya mai kafar ADAT, wadda ke karɓar layukan sauti da yawa ta waya ɗaya, na haɗa masa akwatin makirfo takwas ta siririyar wayar haske guda. ADAT yana ɗaukar layi takwas a 44.1 ko 48 kHz, in ka haura zuwa 96 sai ya koma huɗu, don haka na tsaya a 48. Agogon yana tafiya a cikin wayar tare da sautin, sai dai dole ka faɗa wa kowace na'ura matsayinta: ɗaya ce shugaba, ɗayar mabiyiya. A tsarina akwatin ne ke ba da agogo, katin yana karɓa daga ADAT. In ka bar duka biyun a kan agogon cikinsu, ka dawo gidan jiya da kayan da suka fi tsada. Masu katunan da ke da kafar S/PDIF ko ta wod kulok, waɗanda agogo ke iya bi ta cikinsu, suna iya ɗaure biyu da waya su yi aiki lafiya. Nawa na farkon ba shi da ko ɗaya, abin da ya kamata in duba bayansa kafin in sayo masa aboki. Masu Mac kuma an sauƙaƙa musu, a cikin Audio MIDI Setup akwai damar haɗa na'urori da wurin da ake kunna gyaran wannan gocewar, ko da yake ni ko a can ba zan raba makirfon ganga tsakanin kati biyu ba.

Batun manhaja, a Reaper na tsaya, ba don ta fi sauran sauti ba. Tana da sauƙi a kan tsohuwar kwamfutata, kwana sittin na gwaji sun ishe ni in saba, kuma tura layi shida zuwa kunnen mutum huɗu bai ba ni wahala ba. Har yau in zan haɗa kiɗa ni kaɗai FL Studio nake buɗewa. Duk wanda ya tambaye ni wacce zai ɗauka, sai in tambaye shi makirfo nawa zai kunna a lokaci ɗaya, da kuma abin da ke bayan katinsa.

Mun sake naɗar waƙar bayan wata biyu. Ta fita fes, babu "ƙas" ko ɗaya, na ma yi tafi a farko da ƙarshe har mai bas yana min tsiya. Sai dai mai gangar ya manta abin da ya yi a minti na shida a waccan ranar, ni kuma duk lokacin da na kunna masa tsohon fayil ɗin don ya tuna, daidai wurin ne bututun ya fi ƙara.