Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Mako-mako ko Bayan Mako Uku?

Makon jiya na tsaya ne a inda ɗinkin aikin sankarar mama da aka yi min ya warke, likita ya ce saura kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗurawa ta jijiya. Ni a lokacin na ɗauka kemo abu ɗaya ne, a ɗaura maka ruwa ka tashi. Sai ranar da muka koma asibiti ni da maigida, likita ya jawo takarda ya ja layi uku, ya ce, "Malama, tunda lissafi kike koyarwa, bari in ba ki naki aikin gida."

Magungunan dai uku ne, kuma su ne aka fi bai wa masu sankarar mama irin tawa. Biyu ana haɗa su tare sau huɗu: doxorubicin, jan nan da ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, da cyclophosphamide. In an gama da su sai a shiga na uku, paclitaxel, wanda a ɗakin kemo kowa ke ce wa Taxol. Ba da ka ake zuba su ba. Ana auna tsawo da nauyi a fitar da faɗin fatar jiki, sannan a ninka: jan miligiram 60 a kowace murabba'in mita, abokin tafiyarsa 600. Kafin a fara sai da aka duba zuciyata da na'ura, domin jan yana taɓa zuciya, kuma akwai iyakar abin da mutum zai iya karɓa a duk rayuwarsa.

Bambancin layukan uku yana wajen tazara. Na farko, komai bayan mako uku, zagaye takwas, mako 24. Na biyu, magani iri ɗaya amma a matse shi duk mako biyu, a gama cikin mako 16. Na uku, jan da abokinsa bayan mako uku, Taxol kuma duk mako har sau 12.

Zuciyata ta tafi kan na biyu nan take. Wa zai ƙi ya rage wata biyu daga wahala? Likita kuma bai ɓoye min ba cewa yana da ƙarfi. Ya ce a 2019 an tattara gwaje-gwaje 26 na mata sama da 37,000, aka ga cewa cikin shekara 10 ciwon ya dawo wa kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka tsananta wa magani, sauran kuma kusan kashi 31 da rabi. Dalilin a fili yake: tsakanin zagaye da zagaye ƙwayoyin ciwon suna sake tofowa, in ka taƙaita hutun ka hana su sararawa. Amma ɓargo ma hutun yake so. Mako biyu ba ya isar sa ya mayar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, don haka dole a riƙa yin allurar filgrastim kwanaki a jere bayan kowane zagaye, ko a sayi wata irinta da ake yi sau ɗaya, mai ɗan karen tsada. Kuma allurar a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8.

Maigida ya dube ni, na dube shi. Wannan fa bayan cire tallafin mai ne a watan Mayun 2023, lokacin da naira ta faɗi, duk maganin da ake shigowa da shi ya tashi. Ga albashin malamar makaranta, ga firjinmu da ya fi zama kabad saboda rashin wuta. Ya ce, "Likita, in mun ɗauki mai mako uku, mun cuce ta?" Likita ya ce a'a, hanya ce da aka daɗe ana bi, kuma gara tsarin da za a iya kaiwa ƙarshensa da wanda za a yanke a tsakiya don kuɗi sun ƙare. Har yau ina ganin wannan ita ce magana mafi nauyi da aka faɗa min a ɗakin nan. Akwai asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 don sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, an soma shi a asibitoci shida, na kusa da mu su ne na Abuja da Zariya da Gombe. Labarin wannan sai wani kashin.

Haka na fara jan tare da buɗe zangon farko na makaranta.

Mai mako uku yana da tsarinsa, kuma da zarar ka gane shi za ka iya tsara aiki a kansa. Kwanakin farko na tashin zuciya ne. Ƙamshin suya daga gidan maƙwabta ma ya isa ya tura ni bayan gida. An ba ni ondansetron, ya tsayar da amai amma ya ɗaure min ciki, sai da na dage da ruwa da gwanda. Abin da ya zauna min shi ne kunun tsamiya, da gwaten acca mara mai, da dafaffen dankalin turawa da ɗan gishiri, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Nama kuwa ɗanɗanon ƙarfe yake yi min a baki. Wajen mako biyu da zagayen farko na kwance kitso, gashin ya biyo matajin. Ban tsaya jira ba, na sa ƙanwata ta aske sauran. Mu masu hijabi Allah Ya rufa mana asiri ta nan, babu ɗalibin da ya sani.

Mako na biyu shi ne mayaudari. Amai ya tafi, ƙarfi ya ɗan dawo, kana ganin ka warware, alhali tsakanin kwana na 7 da na 14 ne fararen ƙwayoyin jini suke kai wa ƙasa. A daidai lokacin ne ni kuma nake tsaye a gaban aji cike da yara, wannan na tari, wancan na jan majina. Sista ta ja min kunne: ma'aunin zafin jiki ya zauna a jakata, in ya nuna 38 kada in sha farasitamol in kwanta, kada in ce maleriya ce in aika kemis, in taho asibiti ko da tsakar dare ne. Sai na sauya yadda nake koyarwa. Na daina zagaya tsakanin kujeru, na buɗe tagogi duk sanyin Jos, na sa takunkumi, littattafan gyara kuma mataimakin aji ke tarawa ya ajiye, in duba su a ofis in wanke hannu. Na bar fura da nonon tallan hanya, na bar ɗanyen latas da kabejin Farin Gada in ba a gida aka wanke da kyau ba. Mako na uku nawa ne. A cikinsa nake cusa sababbin darussa masu wuya, in je kasuwa, in kai ziyara, sannan a ɗebi jini a sake komawa.

Shugabar makarantarmu kaɗai na faɗa wa gaskiya, da mataimakinta mai tsara jadawali. Na san akwai masu ɓoyewa gaba ɗaya don tsoron a sallame su, musamman a makarantun kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma in da hali, mutum ɗaya mai iko da jadawali ya sani. Hajiya ta ce, "Malama, ki faɗa min ranakun da ba ki da amfani, sauran ki bar min." Aka kwashe darussana daga safiya ta farko aka mayar tsakiyar rana.

Da aka gama jan a watan Disamba sai tambayar ta dawo: Taxol bayan mako uku, ko duk mako?

Nan na yi lissafi da kaina. Mai mako uku miligiram 175 ne a kowace murabba'in mita, sau huɗu, 700 ke nan, kuma ana ɗaukar wajen awa uku ana ɗura shi. Na mako-mako 80 ne, sau 12, ya kama 960, kowanne awa ɗaya. Wato wanda ake ganin kamar shi ne mai sauƙi, shi ya fi yawan magani. Kamar zubin adashi ne, na kullum bai cika ciwo ba, sai ka tara ka ga ya fi na wata. Likita ya ce wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mata kusan 5,000, aka fitar da sakamakonsa a 2008, ya nuna bayan shekara 5 kashi 81.5 na masu mako-mako ciwon bai dawo musu ba, masu mako uku kuma kashi 76.9. Sai dai mutuwar yatsu ta fi yawa a mako-mako, kashi 27 a kan 20.

A kujerar kusa da tawa akwai wata dattijuwa daga Shendam, mai sayar da doya, wadda muka saba har nake ce mata Mama. Ita mai mako uku ta zaɓa, kuma ba don ba ta gane bayanin ba. Ta ce, "'Yata, ke keke ɗaya za ki hau ki zo. Ni sai na biya mota ni da mai rakiya, mu kwana a gidan mutane, a ɗebi jini, washegari a sa ruwa. In yi wannan sau goma sha biyu? Wa zai zauna min a rumfa?" Ita takan sha ciwon gaɓoɓi mai tsanani na 'yan kwanaki bayan kowane zagaye, har ta kasa miƙewa, amma sai ta samu mako biyu cur tana kasuwa. Ban taɓa jin cewa na fi ta dabara ba. Gwajin Amurka bai san kuɗin motar Shendam ba.

Ni na ɗauki mako-mako, kuma a nan ne zaɓen rana ya zama komai. Da farko Juma'a na so, don in kwanta Asabar da Lahadi. Wata ma'aikaciyar banki da ta riga ni farawa ta ce kul. Kafin Taxol ana ba da dexamethasone don kada jiki ya yi bore, shi kuma yana ba mutum ƙarfin aro na kwana ɗaya ko biyu: barci ya ƙaurace, yunwa ta taso, ka ji za ka iya share unguwa. Sai ya sake ka, a daidai lokacin da ciwon jiki na Taxol ke isowa, kwana biyu zuwa uku bayan ruwan. Mai karɓa ranar Juma'a, Asabar zai yi ta wanki da ƙarfin banza, Litinin ta same shi a kwance. Na roƙi a ba ni Alhamis, aka samu gurbi. Juma'a rabin rana ce, ina koyar da ita da ƙarfin maganin, in faɗi Asabar da Lahadi, Litinin in lallaɓa. Masu ciwon suga su lura, wannan magani yana ɗaga suga, a faɗa wa likita tun farko.

Tashin zuciya kusan babu a Taxol, wannan kam na gode Allah. Amma na yi kewar mako na ukun nan. Yanzu babu rana mai muni sosai, babu kuma mako mai kyau. Gajiyar tana taruwa, kowane mako ya ɗora a kan na baya, ga ɗibar jini duk Laraba, ga jijiyoyin hannu ɗaya da ake ta nema, tunda ba a taɓa ɓangaren da aka yi aiki. Gira da gashin ido suka tafi, waɗannan kuwa hijabi ba ya rufe su. Wata yarinya 'yar aji uku ta ce, "Malama, kin canza kwalliya ne?" Na ce eh.

Yatsun suka fara a tsakiyar hunturu. Da fari tafin ƙafa ne, ina taka siminti ban jin sanyinsa sosai. Sai kan yatsun hannu: alli ya suɓuce ban sani ba, maɓallin rigar autana ya gagare ni, ruwan alwala kuma sai na sa yarinya ta taɓa min shi, don ba na bambance mai ɗumi da mai ƙuna. Na lura da yawa a ɗakin kemo ba sa faɗin wannan, suna tsoron a dakatar musu da magani su rasa abin da suka kashe. Jijiya kuwa in ta lalace da yawa, wani lokaci ba ta dawowa ko an gama kemo. Da na faɗa, likita ya miƙo min biro ya ce in rubuta sunana, ya sa na ɓalle agogona na mayar, ya ce in yi tafiya a kan layin tayil. Ya rage adadin maganin, ya ce in abin ya hau zuwa wuyan hannu za mu tsallake mako. A makaranta na koma faɗa da baki, ɗalibi mai kyan rubutu yana rubutawa a allo, abin da ya sa na gano yara biyu da suka fi ni iya jan da'ira.

Muna cikin haka, ana shirin rajistar WAEC, wata Laraba sakamakon jini ya fito, Sista ta dube shi ta ce gobe babu ruwa, fararen ƙwayoyin sun yi ƙasa da abin da ake yarda da shi. A daren ranar ma'aunin da ke jakata ya nuna 38.4, maigida kuma yana Bauci. Yadda muka kai asibiti da abin da ya biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.