Samarin Kara-Kara da karnukan bola

A Damagaram, karen da ba shi da uban gida rabonsa jifa ne. Saurayin da aka sani da zaman pale, wato dabar samari, a unguwar Kara-Kara ma an gama yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba. Aikina duba dabbobi ne, kuma da na ji cewa a jihar Oregon ta Amurka tun 1993 ake damƙa wa matasan da ke tsare karnukan da aka yasar su horar da su, sai na gwada da ƴan samarin da ke taya ni riƙe awaki ranar allura.

Abin da na gani shi ne kare ba ya horuwa da ƙarfi. Yaron da ya saba ɗaga ƙarfe, ya saba a ji tsoronsa, sai ga shi tsugune a rana da kwanon sauran tuwo, ya kau da kai, yana jiran wata karya mai ƙazuwa ta matso. In ya yi tsawa ta gudu, aikin mako ya rushe. Ranar da ta ci a hannunsa, a hankali ya ce, "Likita, ta yarda." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Tun daga nan da asuba yake zuwa, don ya san wata rai na jiransa da yunwa.

Iyaye sun fi ba ni wuya, kuma ba na ganin laifinsu. Haukan kare gaskiya ne, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Shi ya sa ba karen da yaro ke taɓawa sai an yi masa rigakafi, kuma kowa ya haddace: in an cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka nufi asibiti. Maganar najasa kuwa malamin unguwa ne ya warware mana ita: a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke kwanon da ya sha sau bakwai. Ya kuma tuna mana hadisin mutumin da ya shayar da kare da huffinsa aka gafarta masa.

Wannan aiki ba ya raba yaro da tramol shi kaɗai, ba ya ba shi sana'a. Wasu sun koma saida man fetur a kwalba bakin hanya. Amma biyu daga cikinsu yanzu sun iya wanke rauni da cire kaska, har makiyaya na nemansu ranar kasuwa.